Ƙidayar Dangin Raƙumi a Fatagoniya

A tsakiyar titin Bulnes da ke birnin Punta Arenas, can ƙurewar kudancin ƙasar Cile, an kafa mutum-mutumin wani makiyayi. Ya sunkuyar da kai yana kutsawa cikin iska, yana jaye da dokinsa, karnuka a gefensa, tumaki na gaba. Baƙo ba ya bukatar dogon bayani, da ya gani ya san tunkiya ce ta gina garin nan. Ni kuwa ba ita ta kawo ni ba. Na zo ne saboda dabbar da tunkiya ta tarar a ƙasar, ta kuma yi kusan raba ta da ita, wadda ake kira gwanako.

Watan Disamba ne, farkon lokacin zafinsu ke nan. Amma ko a tsakiyar hunturunmu ban taɓa jibga tufafi kamar yadda na jibga a can ba, domin iskar yamma ba ta hutawa, tana ratsa riga ta isa ƙashi. Rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, kuma kafin shafaƙi ya gama ɓacewa alfijir ya keto. Isha'i da asuba sun zama kamar maƙwabtan da katanga ɗaya ta raba.

Wata malamar jami'a da ta daɗe tana nazarin dabbobin yankin ce ta yarda in bi ayarinta na kwana uku, bisa sharaɗin in riƙe takarda da fensir, kada in zama ɗan kallo. Muka yi alƙawarin haɗuwa a Puerto Natales. Daga Punta Arenas tafiyar kusan kilomita 250 ce a kan hanya mai lamba 9, awa uku a bas, kuma tun fitarmu gari har muka isa shingen waya bai rabu da mu ba, dama da hagu. A shekarun 1870 aka fara shigo da tumaki yankin daga tsibiran Falkland, waɗanda mutanen Ajantina ke kira Malvinas. Ba a jima ba aka yanka ƙasar gona-gona, gonakin kiwo da suke kira estansiya, wata sai a wuni a kan doki ba a ga ƙarshenta ba. Kamfani guda, Explotadora de Tierra del Fuego, wanda aka kafa a 1893, sai da ya riƙe miliyoyin hekta. Kafin haka ƙasar ta mutanen Aonikenk ce a wannan ɓangare, da Selk'nam a tsibirin Tierra del Fuego, kuma rayuwarsu kaf a kan gwanako ta rataya: namansa abinci, fatarsa mayafi da rumfa, jijiyarsa zare da tsirkiyar baka. Da aka ja waya, sai gwanako ya zama ɓarawon ciyawa, mafaraucinsa ya zama ɓarawon tumaki. An yi wa Selk'nam kisan ƙare dangi. Gwanako kuwa, masana na kiyasin sun kai miliyan 30 zuwa 50 a Kudancin Amurka kafin zuwan Turawa, amma kiyasin ƙungiyar IUCN na 2016 bai wuce miliyan ɗaya da rabi zuwa miliyan biyu da 'yan kai ba, mafi yawansu a Ajantina.

Waɗannan alƙaluma tun ina gida na karanta su. Abin da na zo gani da idona shi ne wanda ya tsaya ya ƙirga, da inda ya tsaya, da yadda ya yi.

Mun bar Puerto Natales da sassafe a cikin a-kori-kura, mu huɗu: Malama, da ɗalibinta wanda ke kiranta "profe", wato farfesa a taƙaice, da direba, sai ni. Muka nausa arewa, muka wuce ƙauyen Cerro Castillo da ke bakin iyakar Ajantina, muka doshi gandun dajin Torres del Paine ta wajen tafkin Sarmiento. An kafa gandun a 1959, UNESCO ta sa shi cikin wuraren da take karewa a 1978, kuma lokacin da na je ma'aikatan hukumar CONAF ne ke tsaron ƙofofinsa. 'Yan yawon buɗe ido duwatsu ke kawo su, waɗansu hasumiyoyin dutse uku da suka soki sama. Mu gabashin gandun muka nufa, inda ƙasar ke da tuddai da kwazazzabai, ga ciyawa mai tauri tsibi-tsibi, ga wani baƙin kurmi gajere da suke kira mata negra, ga fadamu kore shar a tsakanin tuddan. Nan ma dā makiyayar tumaki ce. A tsakiyar shekarun 1970, lokacin da William Franklin na Jami'ar Jihar Iowa ta Amurka ya fara bincikensa a wurin, gwanako 'yan tsiraru ne suka rage. Da aka fitar da tumaki aka hana harbi, sai suka hayayyafa suka koma dubbai.

Na farkon da na gani yana tsaye shi kaɗai a kan wani tudu, ya miƙe wuya, iska na kaɗa gashinsa mai launin ƙasa-ƙasa, cikinsa fari, fuskarsa toka-toka. Ba shi da tozo, tsayinsa a kafaɗa kuma bai fi mita ɗaya da ɗan wani abu ba. Amma da motar ta matso ya juyo ya dube mu, sai na ji kamar na gamu da ɗan garinmu a baƙuwar kasuwa. Leɓen sama a tsage, gashin ido zara-zara, tuƙar nan ta gefe zuwa gefe, da kallon nan na wanda bai ɗauke ka a bakin komai ba. Raƙumi ne sak, an dai rage masa girma. Ƙafarsa ma yatsa biyu ce a kan tattausan tafi, ba kofato irin na tunkiya ba. Malama ta ce zumuncin ba na kama kawai ba ne. Masana sun gano cewa asalin dangin daga Arewacin Amurka yake, waɗansu suka tsallaka Asiya suka zama raƙuman da muka sani, waɗansu suka gangaro kudu suka zama gwanako da bikunya, kuma daga waɗannan biyun ne mutanen tsaunukan Andes suka samo lama da alfaka na gida. Kusancin ya kai har a Dubai aka yi barbarar raƙumi da gwanako ta hanyar likitanci, aka kuma haifi ɗa a 1998.

Aikin ƙidayar ba shi da wani ado. An shata hanyoyin da za a bi, kowace an san tsawonta, kuma su ake maimaitawa shekara bayan shekara. Direba na tuƙi sannu-sannu, gudun da mai keke zai iya wuce shi. Malama da ɗalibinta na tsaye a bayan mota sun riƙe ƙarfe, ita tana duban dama, shi yana duban hagu. Da an hango dabba sai a bugi rufin mota, direba ya taka birki. Abu huɗu ake ɗauka: inda motar take, a na'urar GPS, nisan garken, da wata na'ura mai kama da madubin hangen nesa wadda ke harba haske ta karanto mitoci, kusurwar da garken yake daga layin hanya, da kamfas, sannan adadinsu da irinsu. Ni ina zaune a kan safaya, na danne takarda da gwiwa kada iska ta yi gaba da ita, ina rubutawa da yatsun da sanyi ya sandarar.

A zango na uku na tambaye ta amfanin auna nisa, tunda dabbobi muka zo ƙirgawa, ba mitoci ba. Ta sauke na'urar daga idonta ta ce, "Waɗanda muka gani ba su dame ni ba. Waɗanda ba mu gani ba nake nema."

Bayanin da ta yi mini ya zauna a kaina har yau. Duk gwanakon da ke kan hanya ko gab da ita, ba yadda za a yi ya kuɓuce wa ido. Wanda ke mita ɗari biyu, wani a gan shi, wani kuma ya kwanta a bayan kurmi. Wanda ke mita ɗari shida, sai an yi dace. Idan aka tara ma'aunai masu yawa za a ga yadda gani ke raguwa da nisa, kuma daga yanayin wannan raguwa ake lissafa kason da ya ɓuya. A misali, in ana samun garke goma a ɓangaren da ke kusa, amma a wani ɓangare mai faɗi ɗaya da shi can nesa huɗu kawai aka gani, ba wai dabbobin sun ƙi nesa ba ne. Ido ne ya gaza, shidan suna nan. Akwai manhajar kwamfuta da ke wannan lissafi, sunanta Distance, kuma masanan Jami'ar St Andrews ta Sikotilan na cikin jigajiganta. Abin da take fitarwa a ƙarshe shi ne gwanako nawa ne a kowace murabba'in kilomita, tare da iyaka ta ƙasa da ta sama, domin mai gaskiya a wannan aiki ba ya faɗin lamba ɗaya tak ya yi shiru.

Ƙirga garken ma da nasa ilimin. Gwanako ba ya zama barkatai. Akwai iyali: namiji guda mai riƙe da yanki, da matansa, da 'ya'yan bana waɗanda ake kira culengo. Akwai garken samari, mazan da ba su sami yanki ba, su kan taru da yawa. Akwai kuma namijin da ya kama yanki amma mata ba su zo ba tukuna, irin wanda na fara gani a kan tudu. Maigidan ne ke gadi, yana can sama yayin da iyali ke kiwo, kuma da ya ga abin da bai yarda da shi ba sai ya saki wata haniniya mai kama da dariya, kowa ya ɗaga kai. A yankinsa akwai jujin kashi, wuri guda da suke zuwa su yi bayan gida, tsibi baƙi mai faɗin tabarma. Mace da namiji kuwa kamarsu ɗaya, sai an ƙura ido sosai, ko an ga wadda ake tsotso. Mun zo daidai lokacin haihuwa, bayan cikin wata goma sha ɗaya da rabi, ɗa guda tak. Malama ta fi mai da hankali ga culengo fiye da komai, domin yawan 'ya'ya a kan yawan iyaye shi ke faɗin inda garke ya dosa, tun kafin jimillar ta nuna. Mun ga wani da bai fi awa da faɗowa ba, gashinsa a jiƙe, ƙafafu kamar karan dawa, yana tangaɗi yana bin uwarsa. Dole ya yi sauri, domin gandun cike yake da fuma, wata babbar kyanwar daji marar zane wadda mutanen wurin ke ce wa zaki. Kafin azahar mun wuce ragowar wani da ta kashe, ta ja shi gindin kurmi ta rufe da ciyawa.

Da muka kai ƙarshen wata hanya kusa da tafkin Laguna Amarga, ɗalibin ya rubuta lokacin rufewa, direba ya juya mota. Muna juyawa sai ga garken samari ya ɓullo daga bayan tudu, suna gangarowa a jere, sun fi sittin, ƙura na tashi, biyu daga ciki suna bugun ƙirji suna cizon ƙafafun juna. Duk ranar ba mu ga garke kamarsa ba. Na ɗauki fensir. Malama ta dafa takardar ta ce, "A'a. Layin ya ƙare."

Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Ga dabbobi a gabanmu, rayayyu, a cikin gandun da muka zo ƙirgawa, a ce ba za su shiga takarda ba? Sai da muka yi nisa na fahimci abin da take karewa. Idan bana aka ƙara garke don ya burge, baɗi wanda ya bi ƙa'ida zai samu ƙasa da haka, a ce gwanako sun ragu alhali ba su ragu ba. Darajar lambar bana tana cikin yiwuwar jera ta da ta bara da ta shekara goma baya. Lissafin ya riga ya tanadi wurin waɗanda ba a gani ba, kuma samarin nan suna cikinsu. Tun daga ranar nake girmama mutumin da zai iya ganin abin da zai ƙawata rahotonsa ya bar shi.

Kwana na biyu muka fita daga gandun, muka shiga gonakin kiwon da ke gabas da shi. Ƙasar ɗaya ce, ciyawar ɗaya, iskar ɗaya. Dabbar ce ta sauya hali. A cikin gandu gwanako kan tsaya a bakin hanya har ka ji ƙarar tsinke ciyawarsa. A nan kuwa tun daga nesa maigida zai yi haniniya, kafin a bugi rufin mota sun ba da baya. Sun san mota, sun san abin da ke fitowa ta tagarta. Wannan ya jefa aikin cikin wahala, domin ƙa'ida ita ce a auna inda aka fara ganin dabba, ba inda ta gudu ta tsaya ba. Sau da yawa ɗalibin kan auna wani dutse ko kurmi ya ce nan suke lokacin da ya hango su. In kuwa sun gudu tun kafin a hango su, to kusa da hanya zai zama fayau, lissafin ya karkace. Ga kuma matsalar hanyar kanta. Ba don ƙidaya aka yi ta ba, kwari take bi, tana raɓar ruwa, tana guje wa duwatsu. Abin da ke bakin hanya ba lallai ne ya zama shi ke bayan tudu ba. Malama ta san duk wannan, ita ce ma ta lissafa mini su ɗaya bayan ɗaya, ta ce shi ya sa a waɗansu wurare ake haɗawa da jirgin sama, ko a sa wa 'yan kaɗan abin wuya mai aiko da inda suke. A wannan ɓangare tumaki ma muna ƙirga su, da shanu da dawaki, a kan takarda ɗaya.

Akwai wata hanya mai tsawo da muka bi daga farko har ƙarshe ba mu ga gwanako ko ɗaya ba. Ta sa na rubuta sifili, da tsawon hanyar, da lokaci, da yanayin iska, da kulawa irin wadda aka ba garken da ya fi kowane girma.

Wajen la'asar direba ya tsaya ba tare da an bugi rufi ba. A jikin shingen da ke gefen hanya wani gwanako ne a rataye, kai a ƙasa, ƙafafun baya sun maƙale tsakanin waya ta sama da mai bi mata, wayoyin sun murɗe sun shaƙe su. Ya bushe, fata ta manne da ƙashi, tsuntsaye sun cinye idanu. A ƙarƙashin kansa ƙasa ta yi rami, inda ya yi ta tona da ƙafafun gaba kafin rai ya fita. Ɗan bara ne. Ɗalibin ya ce su ne shinge ya fi ci, domin idan haihuwa ta matso maigida kan kori 'ya'yan bara daga iyali, su fita neman wurin zama, ƙarfin tsallensu bai kai na manya ba. Malama ta ɗauki wurin a GPS, ta auna tsayin wayar sama, ta sa na rubuta a wani shafi dabam. Ba wanda ya yi magana har muka koma mota.

Da yamma muka sauka a bukkar wani dattijon makiyayi, ɗaki ɗaya na katako da kwano, murhun ƙarfe na ci a tsakiya, karnuka biyar a ƙofa. Ba shi ne mai gonar ba, shi ke kula da wannan yanki nata, shi kaɗai, wata da watanni. Malama ta gaishe shi da "don" kafin sunansa, yadda ake girmama babba a can, shi kuma yana ce mata "senyora". Ya haɗa mana mate, wani ganye mai ɗaci da ake zubawa a ɗan ƙoƙo, a tsiyaya ruwan zafi, a zuƙa da bututun ƙarfe, ƙoƙo ɗaya na zagaya kowa. Da ya ji daga inda na fito, ya tambaye ni ko muna da tumaki. Na ce muna da su, sai dai namu ba su da ulu. Ya girgiza kai yana mamaki, ya miƙo mini ƙoƙon.

Sannan ya shiga zancen da ke cinsa, Malama tana fassara mini. Ya nuna wata fadama ta taga. Ya ce duk tsawon lokacin zafi ba ya barin tunkiya ko ɗaya ta taka ta, ajiya ce ta hunturu, don ranar da dusar ƙanƙara za ta rufe tuddai. Amma da sanyi ya kama, sai gwanako su gangaro su tsallake shinge su zauna a kanta. Kafin ya kawo tumakinsa an share ta. Ga zaki yana biyo su, in ya zo kuwa ɗan tunkiya ya fi masa sauƙin kamu. "Senyora," in ji shi, "gwamnati ta yi kiwonsu a gandunta, ni nake ciyar da su. Gwanako ɗaya na cin abincin tumaki biyar."

Ta saurare shi har ya gama. Ta ce biyar ya yi yawa, abin da aka auna yana tsakanin tunkiya ɗaya da rabi zuwa biyu. Ta ce gaskiya ne abincinsu kusan ɗaya ne, amma binciken da aka yi a Fatagoniyar Ajantina ya nuna inda tumaki suka yi yawa gwanako ne ke janyewa zuwa ƙasa marar kyau. Ta tuna masa cewa a shekarun 1950 tumakin ɓangaren Ajantina sun kai kusan miliyan 22, kuma a zamanin ne ƙasa ta fi zaizayewa, lokacin da gwanako ya yi ƙaranci ƙwarai. Dattijon bai musa ba. Ya ce shi dai bai san Ajantina ta 1950 ba, fadamarsa ta watan Yuli ya sani.

A ganina dukansu gaskiya suka faɗa, kuma ban yarda a rufe bakin makiyayin da alƙaluma ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Lambar da ke cewa gwanako kaza ne a kowace murabba'in kilomita ta baje su ne daidai a kan ƙasa, alhali su ba a baje suke ba. A watan Disamba suna warwatse iyali-iyali, a watan Yuli suna iya taruwa a ɗan wurin da ciyawa ta rage, kuma wannan ɗan wuri shi ne rayuwar tumakin mutumin nan. Haka kuma ban yarda a ɗauki abin da ya gani a fadama ɗaya a ce haka ƙasar take duka ba. Wanda ya tsaya a Laguna Amarga zai rantse gwanako sun cika duniya. Wanda ya bi hanyar da muka rubuta wa sifili zai rantse sun ƙare. A Bolibiya da Faragwai kuwa, waɗanda suka rage ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, wannan dabba dai da ake kuka da yawanta a nan.

Da dare, muna shigar da alƙaluman ranar a kwamfuta da hasken fitila, Malama ta faɗa mini abin da ya sa ba ta wasa da ko mita ɗaya. A Cile doka ta hana farautar gwanako sai da izinin hukumar SAG mai kula da noma da kiwo, kuma a Tierra del Fuego da ƙidaya ake yanke adadin da za a harbe a shekara. A Ajantina an yi tsarin kula da gwanako na ƙasa a 2006, aka sauya shi a 2019 ta yadda ya buɗe ƙofar yanka su don kasuwa. A La Payunia da ke lardin Mendoza kuwa makiyaya kan kora su cikin shinge, su aske gashin, wanda ya fi ulun yawancin tumaki laushi, su sake su. Kowanne daga cikin waɗannan a kan lamba ya tsaya. In an kumbura ta, za a harbe fiye da abin da garke zai iya mayarwa. In an rage ta, makiyayi zai ce ƙarya ake yi, ya ɗauki bindigarsa da dare. Ta ba ni labarin San Pablo de Valdés a gaɓar tekun Ajantina, gonar tumakin da wata ƙungiyar kare muhalli ta saya a 2005 ta kwashe tumakin. Cikin 'yan shekaru gwanako suka ninka sau da yawa, da saurin da haihuwa kaɗai ba za ta bayar ba. Shigowa suka yi daga gonakin maƙwabta. Wanda ya ƙirga cikin shinge kawai zai ce an samu ƙaruwa mai ban mamaki, alhali wani kaso ƙaura ce. Ta kuma ambaci gandun San Guillermo a lardin San Juan, inda ƙazuwa ta ɓarke a 2014 ta kusa ƙarar da bikunya da gwanako cikin 'yan shekaru, a wurin da ba a farauta. Yawo tsakanin makiyaya da makiyaya, har da tsallake iyakar ƙasa, shi ya sa a taron da aka yi a birnin Samarkand a 2024 aka sa gwanako cikin yarjejeniyar duniya ta kare dabbobi masu ƙaura.

Washegari muna ɗaura kaya sai ga dattijon ya fito da makulli a hannu. Ya ce akwai wata tsohuwar hanya da ke bi ta bayan fadamar ta haura tudu, ba wanda ya taɓa ƙirga komai a kanta, zai buɗe mana ƙyauren. Malama ta yi masa godiya, ta ce za ta buɗe mata shafi na dabam, tunda ba ta cikin tsofaffin layuka. Ya kama dokinsa zai wuce gaba ya nuna hanya, ta roƙe shi ya bar dokin da karnukan, kada su tashi dabbobin kafin a auna. Ya yi jim, sannan ya ɗaure dokin, ya rufe karnukan a ɗaki, ya hau bayan mota ya tsaya kusa da ɗalibin, ya danne hularsa da hannu ɗaya.

Ba mu yi nisa ba ya bugi rufin. Mu duka muka duba ba mu ga komai ba. Ya nuna gindin wani dutse da haɓarsa. Sai da Malama ta sa madubi sannan ta gan su, suna kwance cikin baƙin kurmi, kunnuwa kawai suka fito. Mita ɗari huɗu da goma. Namiji ɗaya, mata biyar, culengo uku. Na rubuta.

"Waɗannan ai 'yan gida ne," in ji shi. "Ki zo a watan Yuli, senyora, ki ga baƙin."

Ta ce a watan Yuli ƙanƙara kan rufe hanyar, mota ba ta hawa. Ya ce yana da dawaki uku. Ta ciro ɗan littafinta daga aljihu ta rubuta wani abu, sannan ta bugi rufin sau biyu, direba ya sa giya, muka ci gaba da hawa tudun.